Tambaya da Amsa: Numfashi mai zurfi ba kullum daga huhu yake ba

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara uku ya yi zazzaɓi kwana biyu, sai ya fara jan numfashi mai zurfi kamar wanda ya sha gudu, ba tari ba majina. A asibiti aka ce huhunsa lafiya lau, zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani. Me ya haɗa sauro da numfashi? Daga wata uwa a Marwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Yawancin mutane sun ɗauka ƙarancin oksijin ne ke sa mu numfashi. A mai lafiya, abin da ƙwaƙwalwa ta fi sa wa ido shi ne iskar kabon dayoksaid da tsamin jini. Kabon dayoksaid idan ta narke a jini tsami take zama, kuma jini ba ya son wasa a nan: ma'aunin tsaminsa, wato pH, yana tsakanin 7.35 da 7.45. Gaɓoɓi biyu ke tsare wannan iyaka. Huhu yana fitar da kabon dayoksaid cikin mintuna, ƙoda kuwa tana fitar da tsami ta fitsari tana riƙe sinadarin bikabonet mai rage tsamin jini, amma aikinta sai ya ɗauki kwanaki kafin ya cika.

A zazzaɓi mai tsanani, jajayen ƙwayoyin jini da cutar ta shiga suna maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, ga ƙarancin jini a kai. Naman jiki da oksijin bai isa gare shi ba sai ya riƙa samar da tsamin laktik. Da pH ya fara sauka, ƙwaƙwalwa ta umarci huhu ya zurfafa numfashi don a zubar da kabon dayoksaid a rage tsamin. Wato huhun ɗanki kashe gobarar da ta tashi a wani wuri yake yi. Haka ake gani a gudawa mai tsanani, da mai ciwon suga da jininsa ya yi tsami. Adolf Kussmaul, likitan Jamus, ya bayyana irin wannan numfashi a masu suga tun 1874. Maganin tari ko shafa man zafi a ƙirji ɓata lokaci ne. Asibiti ake nufa a take.

A gida, ki ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance ba ya kuka, ki ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cur. Jariri ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa wata 11, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, a nan kam a zargi ciwon huhu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aikin jinya ne a Garwa. Ma'aunan huhu suna rikita ni, kuma ban gane dalilin da ya sa mai numfashi sama-sama da sauri yake rasa iska ba.

Amsa: Ɗana, riƙe waɗannan a babban namiji, kusan-kusan. Numfashi ɗaya na hutu mililita 500 ne, rabin lita. In ya cika huhunsa fal, lita 6. In ya fitar iya ƙarfinsa, lita 1.2 za ta rage ciki, ita ke hana ƙananan jakunkunan iska na huhu, inda iska ke musaya da jini, manne wa juna, kuma na'urar sipairomita, mai auna iskar da mutum ya ja ya fitar, ba ta iya auna ta tunda ba ta fitowa. Abin da ke tsakani, lita 4.8, shi ne iyakar abin da zai iya ja ya fitar.

Ga inda ɗalibai ke tuntuɓe. Cikin mililita 500 ɗin nan, 150 a hanci da maƙogwaro da bututun huhu take tsayawa, inda babu musayar iska da jini. Ɗauki biro. Mai numfashi 12 a minti, kowanne 500: (500 − 150) × 12 = 4,200. Wanda haƙarƙarinsa ya karye ko aka yi masa aikin ciki, zafi ya sa yana jan 250 sau 24: (250 − 150) × 24 = 2,400. Dukansu lita 6 suke motsawa a minti, amma na biyu ya yi asarar kusan rabin iskar da ke kaiwa jakunkuna. Kabon dayoksaid ɗinsa, da ya kamata ta tsaya tsakanin 35 da 45 mmHg (ma'aunin matsinta a jini), tana iya hawa, jini ya yi tsami. Shi ya sa rage masa zafi, da zaunar da shi, da sa shi jan dogon numfashi magani ne sosai, ba lallashi ba.

Tambaya: Lokacin hunturu muna shigar da kaskon gawayi ɗaki mu rufe ƙofa. Da safe duk gidan mu tashi da ciwon kai. Daga wani magidanci a Injamena.

Amsa: Alhaji, a daina tun daren yau. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi, mai kama himogulobin, sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, fiye da oksijin sama da sau 200. Tunda ba ta tara kabon dayoksaid a jini, mai barci ba ya jin shaƙewar da za ta tashe shi. Ko ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin na jini tana iya nuna kashi 98 cikin ɗari alhali mutum na cikin haɗari, domin ba ta bambance himogulobin mai ɗauke da oksijin da mai ɗauke da gubar. Duk wanda aka tarar da jiri, amai ko ruɗewa, a fitar da shi fili, a kai shi asibiti a sa masa oksijin, a kuma gaya wa likita cewa da gawayi suka kwana.