Ƙafata na suɓucewa daga feda, wane kilit zan saya?

Assalamu alaikum. Na sayi keken hawan dutse na gwanjo a Sabon Gari, mai fedar nan da takalmi ke maƙalewa a jikinta, an rubuta Shimano SPD a kai. Kwanan nan in na miƙe tsaye ina takawa a hanyar Kufena, sai ƙafar dama ta suɓuce. Abokina ya ce zai ba ni sabon kilit na Crankbrothers kyauta. Zai yi min?
Ɗalibi daga Samaru, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gode wa abokinka, amma kada ka karɓa. Kilit, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaurewa a ƙasan takalmi ya kama feda, kowane kamfani da irin nasa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne na Shimano SPD da na Crankbrothers da na Time duk noti biyu gare su, duk za su hau takalminka lafiya lau, amma fedar ba za ta riƙe wanda ba nata ba. Ka kuma kiyayi SPD-SL: sunan ya yi kama, amma na keken tseren kwalta ne, roba ne mai faɗi, noti uku.

Kafin ka kashe ko sisi, kife takalmin ka duba. Shimano ya fito da SPD a 1990, kuma kilit iri biyu ne suka fi yawo a hannun mutane. SM-SH51 baƙi ne, ba ya saki sai ka murɗa diddige waje. SM-SH56 fari ne da harafin M a jikinsa, shi kuwa yana saki ko da diddigen ya ɗan karkata sama, don an yi shi ne saboda masu koyo da ke tsoron faɗuwa. Ina zargin shi ne a ƙafarka. Mai miƙewa yana fizgar feda a hawa kamarka, SH51 ne nasa, kuma shi nake ɗaurawa a takalmina.

In kuwa baƙin ne, dubi bakinsa na gaba da na baya. Sabo yana da kaifin gefe. Wanda ya sha tafiya a kan dutse da tsakuwar jar ƙasar nan tamu za ka ga ya side yana ƙyalli, ƙafa na girgiɗi a cikin feda. Wannan ya gama aiki. Tunda fedar ta gwanjo ce, duba ƙaramin notin da ke bayanta mai alamar + da −, wanda ke ƙara ko rage ƙarfin riƙon kilit, wataƙila mai ita na farko ya sassauta shi. Kowace fuskar feda da nata notin, ka ƙara musu daidai wa daida.

Wajen canzawa ne aka fi yin ɓarna. Kafin ka kwance tsohon, zagaye shi da biro a jikin takalmin, don sabon ya zauna a gurbinsa. Kaucewa kaɗan ta isa ta sa maka ciwon gwiwa, kuma wannan ya fi damuna a kan kuɗin kilit. Ramin notin kan cika da busasshen taɓon damina, sai ka tone shi da allura tukuna, don alanki, wato makullin kwance notin, mai lamba 4 ya shige har ƙasa. In ka yi gaggawa ramin ya lalace, sai an kai ga huda shi da inji. Wanda ya yi tsatsa, ɗiga masa kananzir ya kwana. Sababbin notin ka shafa musu giris, ka ɗaure su bi da bi, ka sake matse su bayan fita ta farko.

Canza duka biyun lokaci guda, ko da na hagu bai nuna gajiya ba. Sabo ya fi tsohon riƙo, don haka ka jingina da bango a gida ka yi ta sawa da cirewa har ƙafa ta saba, kafin ka shiga cunkoson Kwangila.