Wayar sirri "ƙirar Suwizalan": mu saya ko mu dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da sashen sadarwa a ma'aikatarmu. Wani dillali ya kawo wa shugabanmu wayoyi masu kulle saƙo, ya ce ƙirar Suwizalan ce, kuma babu mai iya fasa su domin kamfanin bai taɓa nuna wa kowa lissafin kullen ba. An ce in sa hannu cikin makon nan. Na ji an ce wani kamfanin ƙasar ya taɓa cin amanar gwamnatoci. Gaskiya ne? Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya ne, sunan kamfanin Crypto AG. Kada ka sa hannu tukuna.

Boris Hagelin ɗan ƙasar Suwidin ne ya kafa shi a garin Zug na Suwizalan a 1952, bayan ya yi arziki da na'urar kulle saƙo ta M-209 wadda aka ƙera wa sojojin Amurka kusan 140,000 a Yaƙin Duniya na Biyu. Tun 1951 ya yi yarjejeniyar baka da amininsa William Friedman, gwanin fasa saƙonni na Amurka, cewa na'urori masu ƙarfi sai ƙasashen da Amurka ta yarda da su. A 1970 hukumar leƙen asirin Amurka CIA da takwararta BND ta Jamus ta Yamma suka saye kamfanin gaba ɗaya a ɓoye, ta hannun wasu lauyoyi a ƙasar Liechtenstein. Ƙasashe fiye da 120 sun yi ciniki da shi. Da kuɗinsu suka sayi na'urar da ake karanta asirinsu: saƙonnin Iran lokacin garkuwa da Amurkawa a 1979, na Ajantina a yaƙin Falklands na 1982, na Libiya bayan harin gidan rawa a Berlin a 1986. Najeriya ma ta sayi kaya masu yawa, sai dai takardun Jamusawa sun ce da aka shekara biyu ba a ji komai ba aka aika wakilin kamfanin, ya tarar da su jibge a sito ko kwalin ba a buɗe ba. BND ta sayar da kasonta a 1993, CIA ta riƙe har 2018, kuma sai a Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da gidan talabijin na ZDF na Jamus suka fallasa takardun sirrin.

Abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarka shi ne maganar dillalin nan, wai ƙarfin wayar a ɓoyon lissafinta yake. Kusan kullum sai na ji wannan magana, daga bakin manyan mutane masu digiri. Wallahi ita ce ta kai waɗancan ƙasashe ta baro. Ba wata 'yar waya aka liƙa cikin na'urorin Crypto da mai gyara zai buɗe ya gani ba. Lissafin da ke samar da makulli aka raunana, ta yadda lambobin da ya kamata su fito barkatai suke bin wani tsari da NSA, hukumar fasa saƙonni ta Amurka, ta sani. Ka tura saƙo, ka duba, ka ga haruffa a hargitse, ka ce alhamdulillahi. Can kuwa ana karantawa. Gwajin da za ka yi a ofis ba zai nuna maka komai ba, domin wayar tana aiki lafiya lau. Yawancin injiniyoyin kamfanin ma ba su sani ba. Ɗan tallansu Hans Buehler ya yi wata tara a tsare a Iran bayan kama shi a 1992, alhali bai san su wa yake yi wa aiki ba. To dillalinka da ke Abuja ko Dubai me ya sani?

Tun 1883 masanin kulle saƙo Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da muke bi: ka ɗauka abokin gaba ya san tsarinka ciki da bai, makulli kaɗai ne sirri. Lissafin kulle na AES da bankuna ke amfani da shi a fili aka yi gasarsa, masana na duniya suka yi shekaru suna dukansa kafin a amince da shi a 2001. Wanda ya ce maka nasa ya fi ƙarfin a duba, biri yake sayar maka a sama. Kuma kada a ce tsohon labari ne: wayoyin ANOM da masu laifi suka yi ta saye da tsada, FBI ce ke gudanar da su, har aka kama mutum sama da 800 a Yunin 2021.

Ban ce wannan kamfanin na wata hukuma ba ne. Na ce tutar ƙasa da kalmar "na soja" ba hujja ba ce, kuma gaggawar "makon nan" ta masu kwangila ce, ba ta tsaro ba. Ka rubuta wa shugabanka takarda, ka ajiye kwafi. Ka nemi dillalin ya faɗi sunan lissafin da suke amfani da shi, ya kawo cikakken rahoton masu bincike masu zaman kansu, ya bayyana masu hannun jari na ainihi. Mafi muhimmanci, ka tambaye shi a ina ake samar da makullan, wa kuma ke iya tura sabunta manhaja cikin wayoyin. In a wurin kamfanin ne, to a hannunsu asirinku yake ko da lissafin mai kyau ne. Idan ya ce duk wannan sirrin kasuwanci ne, ka mayar da fayil ɗin ba sa hannu.