Shin Dokar 1861 Ta 'Yanta Manoman Rasha Da Gaske?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dokar Sarki Alezanda na Biyu ta 1861 ta 'yanta manoman Rasha da gaske. Ta 'yanta su, kuma ba ƙaramin abu ba ne: kimanin mutum miliyan 23 da ake sayarwa tare da gona suka sami ikon yin aure da mallakar dukiya ba sai da izinin ubangida ba. Sai dai gonar ba kyauta aka ba su ba. Gwamnati ta biya masu ƙasa, ta ɗora wa manoma bashin da za su biya cikin shekara 49. Gonar kuma ta al'ummar ƙauye ce, ba ka barin gari sai da yardarsu. Sai bayan boren 1905 aka yafe bashin, daga 1907.

Abin da ya fi ci mini rai na zamanin Stalin ne, shugaban Tarayyar Soviet wadda ta gaji daular Rasha. Daga 1929 aka tilasta wa manoma shiga gonakin haɗin gwiwa. A 1932 aka fito da fasfo na cikin gida, takardar da ake buƙata kafin a koma birni da zama, aka hana manoma shi. Yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan. Sai a 1974 aka amince a ba su fasfo.