Gurbin layin gaba a NFL ba gado ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, shi ke da gurbi kai tsaye cikin ƙartin layin gaba da ke kare mai jifan ƙwallo. Ina! Gurbi biyar ne kacal, a atisayen Yuli da Agusta ake raba gardama.

Dubi ƙungiyar Philadelphia Eagles a 2021. Andre Dillard ɗan zagayen farko ne, Jordan Mailata kuwa ɗan rugby daga Ostareliya, sai a zagaye na bakwai aka tsinto shi a 2018. Amma Mailata ne ya ƙwace gurbin gefen hagu, har da kwantiragin dala miliyan 64.

Koci ya fi duba saurin ƙafa da natsuwa. Ka motsa kafin a saki ƙwallo, an yi asarar yadi 5. Ka riƙe rigar abokin karawa, yadi 10. Mai yawan yin haka sai zaman benci.