Allon zane ko sabuwar salula, tambayar mai zanen duniyar hamada

Wani ƙanenmu daga unguwar Zariya nan Maradi ya rubuto: "Yaya, ina zana wata duniyar hamada irin ta finafinan sararin samaniya, da jirage da birane cikin rairayi. Na tara jika 70 kuma ina da tsohuwar kwamfuta. In sayi allon zane mai gilashi ne ko in canza salula? Sannan abokaina suna cewa zanena kamar na kowa yake."

To ƙanena, bar salular nan tukuna, mai gilashin, wanda zanen ke fitowa a kansa, shi ma ka bar shi, kuɗinka ba za su kai mai kyau ba. Nemi ƙaramin allo mara gilashi, na Huion ko XP-Pen ko Wacom, wanda hannunka na kansa idonka na kan kwamfuta. Kwanakin farko za ka ji kamar da hagu kake rubutu, daga baya hannu ya saba. Alƙalaminsa ba ya son batir, allon kuma daga USB yake shan wuta, ko kuran ya tafi kana aikinka muddin kwamfutar na da caji. Kafin ka biya ka gwada, ja layi a hankali sannan ka danna, in siririn layi bai yi kauri ba mayar masa da kayansa. Ka duba akwai bakin alƙalami na canji cikin kwali, ƙurar hunturu cinye shi take yi.

Manhaja kuwa Krita ta ishe ka, kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet. Photoshop biya ake ta yi, Procreate sai iPad. Da kuɗin da suka rage ka ƙara wa kwamfutar RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ta kai giga 8.

Maganar abokanka ce ta fi damuna wallahi, don suna da gaskiya in dai hamadar fim kake kwafa. Star Wars na 1977 a Tunisiya aka ɗauki yawancin hamadarsa, su ne suka zo Afirka nema, kai kuma hamadar Tenere tana ƙasarmu. Dubi masallacin Agadas da itatuwan da suka fito jikin hasumiyarsa, a kansu magina ke takawa in za a yi yaɓe, kaga abin yana da dalili, to hasumiyar jiragenka ma a ga ta inda ake hawa a gyara ta. Dubi ayarin gishirin Bilma, yadda ake naɗe kantu a ɗaure wa raƙumi gefe da gefe, ka tambayi kanka me mutanen duniyarka suke fatauci. Ga bishiyar Tenere da ta tsaya ita kaɗai tana nuna wa matafiya hanya har mota ta kaɗe ta a 1973, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ga ƙasusuwan dinosor, manyan dabbobin zamanin da, da aka tono a Gadufawa cikin Tenere.

Amma kafin ka zana jirgi ko ɗaya, faɗa mani ina suke samun ruwa, wa ke riƙe da rijiyar, nawa ake sayar da salka guda. Daga nan tufafinsu da rigimarsu za su fito. Ranar da ka samu dama ka leƙa kasuwar dabbobi da takarda da fensir, ka zana gwiwar raƙumi in ya durƙusa da naɗin rawanin Buzu, ka turo mani in gani.