Ƙaramin asibiti ko babba: ina za a kai yaro mara lafiya?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara biyu yana zazzaɓi tun jiya. Kemis na kusa da mu, asibiti kuwa da nisa. In sayo masa magani ne ko sai na kai shi?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Kafin ki auna nisan hanya, ki dubi yaron tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware alamomi huɗu na haɗari: yaro ya kasa shan ruwa ko nono, ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi lakwas har tashinsa daga barci ya yi wuya. Ko ɗaya kika gani, ki wuce babban asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Idan kuwa yana sha, yana kallonki, yana ɗan wasa in zafin ya sauka, ƙaramin asibiti ya wadatar, amma yau, kada ki bari sai gobe. Inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro, za a ɗiga jininsa a kan ɗan katin gwaji, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Abin da ke damuna da kemis shi ne a haɗa wa yaro magunguna ba tare da an gwada shi ba. Farasitamol yana sauke zafi kawai, cutar tana nan. Asfirin kuwa kada ki ba shi.

Tambaya: Jaririyata kwananta ashirin, jikinta da zafi amma tana kama nono. In jira in ga yadda za ta kwana?

Amsa: Kada ki jira. Jaririn da bai cika wata uku ba, zafinsa ya kai digiri 38, babban asibiti ne wurinsa nan take. A wannan ƙuruciyar cuta kan shiga jini cikin sa'o'i kaɗan. Haka ma idan jikinta ya yi sanyi ƙalau ko ta daina tsotso.

Tambaya: Yarona mai wata takwas yana tari da mura. Yaya zan gane abin ya wuce mura?

Amsa: Ki bari sai ya natsu, ba ya kuka. Ki ɗaga rigarsa, ki sa agogo a gabanki, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya tashi a minti ɗaya cur. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Saurin numfashi na iya zama alamar nimoniya, wato ciwon huhu, ki kai shi a duba a ranar. Sannan ki kalli ƙasan haƙarƙarinsa. Idan wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko leɓɓansa sun sauya launi, ki nemi asibitin da ke da oksijin. Na sha ganin uwar da ta gane wannan lotsawar tun kafin mu sa abin awo a ƙirjin ɗanta.

Tambaya: Na kai 'yata ƙaramin asibiti da gudawa, suka ba ni takarda in tafi babba. Ba ƙin aiki ba ne kuwa?

Amsa: A'a, Malam, sun kyauta maka. Gudawa mai sauƙi suna maganinta da ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Amma idan idanu sun zurma, fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba bayan an tsunkule ta, ko ta kasa sha, tana iya buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya da kwanciya. Ka riƙe takardar, ka haɗa da kwalayen duk maganin da ta sha. In tana iya haɗiya, a ci gaba da ba ta ruwan cokali-cokali har ku isa.