Waƙoƙin kantiri ne suka jefa yayana cikin damuwa?

Tambaya: Likita, tun da auren yayana ya mutu wata uku da suka wuce, ba ya barci, yana kwana yana sauraron mawaƙan kantiri na Amurka, Don Williams da Jim Reeves, wani lokaci har da hawaye. Wani mai magani ya ce waƙoƙin ne suka buɗe wa iskokai ƙofa, mu ƙwace wayarsa. Ina tsoron kada ya yi wa kansa lahani.

Amsa: Malama, tsoronki yana kan hanya, amma kada ku ƙwace wayar. Waƙoƙin kantiri na Amurka, tun zamanin Hank Williams wanda ya rasu a 1953 yana da shekara 29, an gina su ne a kan rabuwa da kaɗaici da nadama, kuma suna cikin wurare ƙalilan da ake jin namiji ya fito fili ya ce an karya masa zuciya. Wanda ya taso a kan cewa namiji ba ya kuka yakan fake da muryar mawaƙi ya faɗi abin da bakinsa ya kasa furtawa.

Abin da ya ishe ni shi ne wannan camfi da nake ji kullum a ɗakin duba marasa lafiya, wai waƙa ce ke haifar da cutar. Masu yaɗa shi cikin 'yan boko sukan kafa hujja da binciken Steven Stack da Jim Gundlach na 1992, wanda ya danganta yawan sa waƙoƙin a rediyo da kisan kai a birane 49 na Amurka, amma ba sa faɗin cewa wasu masana sun sake gwadawa a 1994 ba su sami wannan sakamako ba. Haɗarin shi ne iyali su ƙwace waya, su biya kuɗin hayaƙi da rubutu, su ɗauka an gama, alhali ciwon damuwa yana nan yana cin mutum, kuma yanzu babu alamar da za su gani.

Ku lura da barcinsa da cin abincinsa da fitarsa aiki. Idan ƙunci ya wuce mako 2 yana hana shi harkokinsa, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti. Ki zauna da shi, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya amsa da e, ku kawar da magunguna da gubar ɓera daga ɗakinsa, wani ya zauna tare da shi, ku tafi asibiti a ranar.